Aji Huɗu Ya Gangara

Kamfanin inshorar da Yaya take wa aiki ya koma sabon gini, sai manaja ya lura tsofaffin kujerun ofis ba su dace da launin labule ba. Ya ce a nemi masu buƙata a ba su. Yaya kuwa tana da ƙanwa, malamar aji huɗu a wata firamare, wadda ta gaji da roƙon benci. Ɗalibanta biyar-biyar suke matsuwa a bencin mutum uku, sauran suna ƙasa da littafi a gwiwa.

Yaya ta kira ta a waya. "Ke, kina son kujeru da tebura?"

"Yaya, wannan har tambaya ce?"

"Masu taya ne fa."

"Ko masu fukafukai ne a kawo."

Ranar Laraba babbar mota ta sauke kayan a filin makaranta: tebura masu nauyi, da baƙaƙen kujeru masu laushi, kowace da tayoyi a ƙafa, tana juyawa duk inda aka so. Hedimasta ya fito duba kaya. Ya zauna a kan ɗaya, ya taɓa wani ƙarfe a ƙasanta, ya nutse a hankali har gwiwoyinsa suka taso. Ya daɗe bai tashi ba.

"Irin wannan," in ji shi, "likita ya ce bayana yake buƙata."

"Allah ya ƙara sauƙi, ranka ya daɗe," in ji Malama. Ta sa yara suka shige da kayan aji kafin sauran malamai su tuna da nasu bayan.

Akwai wani abu da kowa a makarantar ya sani, amma ba wanda ya tuna. Maginin da ya yi ajujuwan ya karkata daɓen kowane ɗaki, daga bangon allo zuwa bangon baya inda ƙofa take, don in an wanke aji ruwa ya fita da kansa. Shekara da shekaru ana yaba masa. Benci bai taɓa damuwa da wannan ba.

Washegari Malama ta jera tebura sahu-sahu, ta zaunar da kowa, ta juya tana rubuta lissafi a allo. Ba ta ji hayaniya ba, sai wata 'yar ƙara kamar ta keken ɗinki daga nesa. Da ta waiwayo, aji ya ja baya. Kowane yaro ya rabu da teburinsa, ya je ya jingina da teburin na bayansa, fensir a hannu, littafi can gaba. 'Yan sahun ƙarshe ba su da abin da zai tare su, suna jere a jikin bango. Dogo, wanda ya fi kowa son zaman baya, ya dace da saitin ƙofa. Yana baranda.

"Dogo, wa ya ba ka izinin fita?"

"Malama, wallahi a zaune nake."

Ta duba, a zaune yake.

Suka gwada riƙe tebur da hannu ɗaya, rubutu ya karkace. Suka sa takalma a ƙarƙashin tayoyi, kujera ta juya ta kewaye takalmin. Ƙafafun yawancinsu ba sa kai ƙasa. Kafin a tashi Dogo ya fita sau da yawa, a na ƙarshe ya ci karo da Hedimasta.

Hedimasta ya kira Malama ofis. Ya yi magana a hankali, cikin tausayi. Ya ce lafiyar yara amana ce. Ranar Litinin 'yan kamfani za su zo ɗaukar hoto. In ya shiga ya tarar aji yana tafiya, za a kwashe kujerun a raba wa ɗakin malamai da ofis, yara su koma bencinsu.

"An riga an kai bencunan aji biyu, ranka ya daɗe."

"To ƙasa ai ba ta gudu da kowa."

Ranar Juma'a Malama ta shiga aji ba ta da wata dabara. Ta ba su aiki, ta tsaya jikin allo tana kallon su suna tafiya. Wannan karon ba ta ce kowa ya dawo ba. Can sai wata yarinya ta gaji da miƙa hannu, ta jawo littafinta, ta juya kujerarta, ta ɗora shi a teburin da ta jingina da shi. Kujerar ta matsa ta manna ta da teburin, ta tsaya cak. Na kusa da ita ya yi haka. Kafin jimawa rabin aji sun ba Malama baya, suna rubutu tsit, zaman da ba ta taɓa gani ba tun da ta fara koyarwa.

Malama ta ɗauki allinta ta taka zuwa bayan aji. Ta tsaya tana duban farin bangon da ke gefen ƙofa.

Ranar Asabar ta zo da gwangwanin baƙin fenti da maigidanta. Shi ya riƙe tsani, yana tambaya ko albashin ya haɗa da wannan.

Litinin da safe Yaya ta iso da wayarta a madadin kamfani, Hedimasta yana gaba, hannunsa ɗaya a bayansa. Suka shigo suka tarar da sabon allo da aka fenta a bangon ƙofa a gefensu, Malama a gabansu, yara duka suna fuskantar ƙofa, kowa cikinsa manne da teburinsa. Dogo yana sahun farko, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa rasuwa.

"Malama," in ji Hedimasta, "allon nan tun da aka gina makarantar yana can bangon."

"Yana nan, ranka ya daɗe, ban taɓa shi ba. Ƙani na yi masa."

Hedimasta ya zagaya. Ya ɗan ja kujerar wani yaro baya, ya saki. Ta koma wurinta da kanta. Ya gwada wata, ita ma haka.

"Juye-juyen fa?"

"Wanda ya ba da amsa daidai yana da juyi ɗaya. Dogo, bakwai sau takwas?"

Dogo ya yi tunani mai tsawo. "Hamsin da shida." Ya juya sau ɗaya, fuska a ɗaure, ya dawo.

Yaya ta ɗauki hotuna. Ta matso kusa da ƙanwarta ta ce ƙasa-ƙasa, "Shekarata nawa a kamfanin nan, ban taɓa ganin mai zaman kujerun nan yana aiki ba."

Hedimasta ya yi gyaran murya, ya ce bisa abin da ya gani, kujeru za su zauna a aji huɗu. Malama ta yi godiya. Ta ce akwai guda ɗaya da aka ware mata, ita kuwa a tsaye take koyarwa, ko zai taimaka ya karɓa saboda bayansa. Ya ce ba don kansa ba, sai don kada a ce ya ƙi kyauta.

Ana dab da tashi, Malama tana baranda tana kaɗe abin goge allo, sai ga Hedimasta ya fito daga ofishinsa da baya, a zaune kan sabuwar kujerarsa, biro a hannu. Magini ɗaya ne ya yi ginin duka. Ya tsaya a jikin ginshiƙi.

"Sannu da aiki, Malama."

"Yawwa, ranka ya daɗe. Ya baya?"

"Da sauƙi," in ji shi. "Fentin nan, akwai saura?"