Hannun da ke Kashe Fitila

Surajo ya riga ya yanke hukunci tun kafin Salima ta sauko daga motar Maraɗi. Shaida kawai yake nema, ya kori Isma'ila da hujja.

Atiliyensa na Cadawa ɗaki ɗaya ne da dogon teburi, inda mutum huɗu ke harhaɗa fitilu masu aiki da hasken rana. A cikin kowace fitila akwai ɗan allo kore, shi ne ranta. Tun shigowar rani allunan nan suke mutuwa, kuma na gaban Isma'ila kaɗai.

Isma'ila Bafillace ne daga wajen Sae Sabuwa, magidanci, wanda ciwo ya share masa garke ya shigo gari neman abin yi. Surajo ya ɗauke shi, amma ɗaukar ba ta kai zuci ba. Hannun da ya saba da igiyar saniya, ina shi ina allon fitila? Don haka duk abin da Isma'ila ya haɗa, sai Surajo ya taso daga kujerarsa ya karɓa, ya juya, ya duba. Na sauran kuwa ko kallo ba ya yi. Ranar da haushi ya kai masa wuya, a gaban kowa ya ce, "Kai dai baƙin hannu gare ka. Shanu sun mace, yanzu ka koma ma fitilu." Aka kwashe da dariya. Isma'ila ya ci gaba da aikinsa.

Salima ma'aikaciya ce ta kamfanin da ke sayar masa da allunan. Bayan gaisuwa ta ciro wata na'ura daga jaka, girmanta bai wuce salula ba, da ɗan tsinke a ka.

"Mi take gani?" in ji Surajo.

"Kuran, wato lantarkin jikin mutum, Alhaji. Ka san abin da kan tsirga maka in ka taɓa ƙofar mota da rani? To wanda bai kai shi ba, wanda ba ka ji ma, ya isa kashe allo. Ita tana jin shi. In ya fita sai ta yi kuka."

"Madalla. Fara da wancan."

Salima ta ce kowa ya yi aikinsa yadda ya saba, ta tsaya kusa da Isma'ila. Shi kuwa ƙafarsa a kan siminti take, don kullum a bakin ƙofa yake barin takalmi. Ya ɗauki allo, ya dasa, ya ɗaure wayoyi. Na'ura shiru. Ya haɗa wani. Shiru.

Surajo ya kasa haƙuri. Ya zame daga kujerarsa ta roba, sanye da rigarsa mai sheƙi da yake ji da ita, ya jawo takalmi a kan dardumar da ya shimfiɗa wa kansa shi kaɗai. "Kawo nan, ni na san inda yake ɓata su."

Yatsansa na taɓa allon na'ura ta tsala kuka, jar wuta ta kama.

"Abin ga ya lalace," in ji Surajo.

"Koma ka zamna, Alhaji, ka sake tasowa."

Ya koma, ya taso, ya taɓa. Ta sake kuka, har ya fi na farko shiga kunne.

Salima ta sassauta murya don ta rufa masa asiri, amma ɗakin ƙarami ne. "Rigar ga ce, da kujera, da takalmin. Su ke tara maka shi. Duk allon da ka taɓa ka kashe shi."

Kunya ta rufe Surajo, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Rabilu, ɗaya daga ma'aikatan, wanda ya fi kowa dariya a wancan karon, ya duƙa ƙarƙashin teburi yana neman ƙusar da ba ta faɗi ba. Surajo ya tsaya jiran baƙar magana daga Isma'ila. Wallahi so yake a zage shi, ko ya samu abin riƙewa.

Isma'ila tafin hannunsa yake kallo.

"Malama," ya ce, "ke nan hannuna babu komi?"

"Babu komi, Malam Isma'ila."

"Ko mutum na taɓa?"

"Ko mutum."

Sai ya juyo. "Maigida, ka yi mini izini in tahi gida. Tun randa ka faɗi maganar nan ban ɗauki jaririyata ba. Na ce kar abin da ya ci shanu ya bi ta."

Surajo ya san yarinyar. Ya je sunanta, ya ci nama, har ya sa albarka. Ya gyaɗa masa kai.

Isma'ila ya miƙo hannu don sallama. Surajo ya ga nasa hannun ya noƙe cikin riga, da ƙyar ya fito da shi. Tafukansu na haɗuwa na'urar ta sake kuka a hannun Salima. Surajo ya zabura zai janye, Isma'ila ya riƙe shi gam.