Allon Ƙusoshin Auta

Tun da idanun Baba suka mutu, babu abin da ke ci masa rai kamar aikin Auta. Yarinyar da ya koya wa karatu a kan cinyarsa ta zama mai binciken sararin samaniya, ana ta yi masa barka, shi kuwa bai san me ta gano ba. Ta sha yi masa bayani ta waya, sai ya ce madalla. Amma tsohon malamin makaranta ne, ya san bai gane ba.

Wata safiya ta shigo da faffaɗan katako, ta ture kwalaben maganinsa gefe, ta ɗora shi a kan tebur.

"Baba, ku kawo hannu."

Ya shafa, ya ji ƙusoshi birjik, wasu masu ƙaton kai, wasu ƙanana kamar allura.

"Kin koma kafinta ne?"

Ta yi dariya. "Kowace ƙusa galaksi ce, wato gari guda na taurari, ba iyaka. Suna da nisan da haskensu ya taso tun kafin a yi duniyar nan. Masu ƙaton kai su ne masu haske sosai, ƙananan kuma dishi-dishi. Na kafa kowace a inda na'urar hangen nesa ta gan ta."

"To, sai me?"

"Ba zan faɗa ba. Ku za ku gaya mini."

Ya ɓata rai, amma ya gyara zama. Ya bi allon daga kusurwa zuwa kusurwa, ya dawo. Mama ta kawo shayi ya huce bai taɓa ba. Can yatsunsa suka tsaya.

"Manyan nan ba sa zama su kaɗai. In na sami ɗaya, sai na ji 'yar'uwarta a gefe. Ƙananan su ma suna taruwa, amma ba kamar waɗannan ba, har a fili akwai su."

"Shi ke nan, Baba. Aikina ke nan. Na auna yadda cunkoson yake ƙaruwa da ƙaruwar haske, a can nesa inda aunawa ke da wuya."

Ya sake bin ƙusoshin da yatsa.

"Me ya sa suke haka?"

"Masu hasken sun fi samuwa ne a wuraren da nauyi ya fi taruwa."

Ya sa ta maimaita, ya ja ta da tambayoyi har rana ta take.

Daga ranar duk wanda ya zo gaisuwa sai ya shafa allon. Kawu ya soke yatsa, ya ce ya yafe ilimin.

Bayan mako biyu Auta ta zo aron allon, don akwai ɗaliba makauniya a ajin da take koyarwa. Baba ya ce allo ba ya fita sai da mai shi. Ya sa Mama ta goge masa riga, ya shiga mota da katakon a kan cinya.

A ajin, ya kama hannun ɗalibar ya ɗora a kan ƙusoshin.

"Kada ki yi sauri, 'yata. Malamarku ce ta auna wannan. Ni ne babanta."