Sau Huɗu

Bas biyu muka cika daga ƙofar gidan marayu na Madina zuwa bakin teku a Yanbu, ɗaya ta mata da ƙananan yara, ɗaya ta maza. Shekara bakwai ina cikin 'yan sa-kai masu fita da yaran nan shan iska, kuma duk tafiya Haisam ne ke zama kusa da ni, ya danne min gefen abaya har mu isa. Ranar nan sai Abla Wafa, mai kula da su, ta tare shi a bakin ƙofa ta nuna masa ɗaya motar.

"Ka girma, Haisam. Yalla, wajen Ammu Lurwanu."

Lurwanu mijina ne, shi ke jagorantar samarin. Haisam ya juyo ya kalle ni, ni kuwa na duƙufa gyara kulolin abinci kamar ban ji ba. Na riga na sani. Ya cika sha biyu, ranar Lahadi za a mayar da shi sashen samari, inda mace 'yar sa-kai ba ta shiga. Wannan ce tafiyarmu ta ƙarshe, ita ma ga shi an raba mana mota.

Mahaifiyata, Inna Hajo, ta zauna a kujerarsa da robar tsire a cinya. Ko fita Madina ba mu yi ba ta fara.

"Ɗanki aka ɗora a waccan motar kina kallo."

"Inna, don Allah."

"Don Allah me? Mu a wajen iyayenmu ko ɗigon nono ɗaya ya wuce maƙogwaron yaro, khalas, magana ta ƙare. Malikawa ne mu tun daga Kano. Ke kika tsaya ƙirge kamar mai sayar da ƙwai."

Shekara goma ke nan tana yi min wannan waƙar, kuma har yau ba ta daina yi min zafi ba.

Saura wata guda da 'yan kwanaki ya cika shekara biyu muka ɗauko Haisam riƙo. Lokacin ina goyon 'yata Sundus, nono har zuba yake. Sharaɗin da aka gindaya mana shi ne in shayar da shi sau biyar, kowanne ya ƙoshi ya saki da kansa, kafin ya cika biyun. In an yi haka ya zama ɗana, ya zama yayan Sundus, babu lulluɓi tsakaninmu har abada. To amma yaron da ya saba da kwalbar madara ina ruwansa da sharaɗi? Ya kau da kai, ya gantsara min cizo, ya yi ta tsala ihu har maƙwabtanmu na unguwar Al-Sih su leƙo. Da lallashi da dabara na samu huɗu cikin mako uku. Sai ƙurji ya fito min a nono, zazzaɓi ya kwantar da ni a asibiti. Kafin in miƙe ruwan ya ƙafe, shi kuma ya haye shekara biyu.

Wata mata daga ofishin gidan marayun ta zo da takarda har falonmu. Ta ce, sau nawa? Inna tana mintsinina ta ƙarƙashin mayafi. Babu wanda ya gani, babu wanda ya ƙirga sai ni da Allah, na buɗe baki na ce huɗu. Lurwanu ba mugu ba ne, ranar har kuka ya yi. Amma karatunsa na ƙasar nan ne, huɗu ba biyar ba ce, kuma ya ce ba zai haɗa namiji da 'yarsa su balaga a gida ɗaya ba alhali ba muharramai ba. Aka mayar da Haisam. Ni kuma daga baya na shiga aikin sa-kai, wai neman lada. Wane lada, ɗana nake bi.

Mun isa da hantsi. Maza suka kafa mana sanduna suka zagaye da labule, don mata su samu wurin ɗage niƙabi su sha iska. Aka shimfiɗa darduma, aka fito da shayi mai na'ana'a. Ƙananan yara suka ruga ruwa suna ihu, igiyar ruwa ta taso su gudo, ta koma su bi ta. Wata 'yar ƙarama ta ɗanɗani ruwan ta dawo tana ƙarar wanda ya zuba masa gishiri. Kowa ya yi dariya, har da ni.

Amma ban iya zama ba. Na samu inda labule biyu ba su haɗu ba na manna ido. Ga teku har iyakar gani, ni kuwa rabona da shi tsagar da ba ta fi yatsa uku ba. Can nesa Lurwanu ya naɗe wando yana jera samari a bakin ruwa. Haisam na ƙarshen layi, hannu a aljihu, ba ya kallon ruwan. Bara war haka yana riƙe da hannuna muna shiga tare, abayata ta jiƙe har gwiwa. Na ji haushin labulen, na ji haushin Lurwanu, na ji haushin matar ofis da alƙalaminta. Wanda na fi jin haushinsa bakina ne.

Bayan azahar muka ji hayaniya. Dutsen cikin ruwa ya tsaga wa Haisam tafin ƙafa. Lurwanu ya taho da akwatin magani yana kiransa, yaron ya wuce shi kamar bai san shi ba. Ya yi ta ɗingishi a yashi mai zafi har ya iso wajenmu, ya ɗaga labule ya shigo, yadda ya saba tun yana ɗan mitsitsi.

Nan take matan suka saki niƙabi. Ba wadda ta yi shawara da wata, hannuwa ne kawai suka tashi. Ya tsaya yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, matan da suka yi shekaru suna share masa majina. Inna kaɗai ta bar fuskarta, tana taunar tsire tana harararsu.

Na zaunar da shi, na ɗora ƙafar a cinyata, na zuba ruwan gora ina wanke yashin. Ƙafar ta fi tafin hannuna tsawo, ban san yaushe ta yi haka ba. Abla Wafa ta miƙo auduga tana cewa a yi sauri.

Haisam da Larabci yake magana. Hausarsa ta Inna ce, a bakinta ya tsinta, ba ya fito da ita sai in ba ya so a ji. Ranar da ita ya yi min magana.

"Khala, Sitti ta ce sau huɗu na sha."

Sitti yake ce wa Inna, ni kuma Khala, wato anti. Na juya na kalle ta, ta mayar da kai wajen kular shayi.

"Ta ce ina ta cizonki. Da ban cije ki ba da na kai biyar, ko? Ni na ɓata."

Ashe abin da yake ɗauke da shi ke nan tun safe, ko tun yaushe ma, Allah kaɗai ya sani. Zuciyata ta karye.

"Wallahi ba kai ba ne, Haisam. Jariri ne kai. Ciwo na yi, nonon ya tsaya."

"To wa ya ƙirga?"

"Ni."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Ya kalli bandejin da nake naɗa masa. Sannan ya ɗago.

"To me ya sa ba ki ce biyar ba?"

Ina da amsa. Shekara goma ina ba Inna ita, ina ba kaina ita: tsoron Allah, ranar tsayuwa, ba a gina gida a kan ƙarya. Duk gaskiya ne, kuma ko yau aka sake kawo takardar ban san ko bakina zai iya faɗin wani abu daban ba. Amma na rasa ta inda zan miƙa wa yaron da ƙafarsa ke cinyata wannan amsar.

Daga bayan labule Lurwanu ya yi gyaran murya.

"Ummu Sundus, in kin gama ki turo shi. Nan ba wurinsa ba ne."

Haisam ya janye ƙafarsa a hankali. Ya sumbaci Inna a goshi. Ya tsaya a gabana kamar mai neman wani abu, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya ce da Larabci, "Shukran, Khala," ya ɗaga labule ya fita.

Na kai hannu zan share hawaye, sai na taɓa yadi. Ashe lokacin da ya shigo har da nawa hannun ya tashi. Duk maganar nan ta bayan niƙabi na yi masa ita.