Kumfa a Ruwan Ɗauraya

Bakanike mutum ne da bai yarda akwai dattin da ya fi ƙarfinsa ba. Wanda ya saba fitar da baƙin mai daga wandon aiki, kashin jaririya ne zai gagare shi? Ranar da aka kwantar da matarsa a asibiti za a yi mata aiki, abu ɗaya ta roƙe shi, kada ya bari Yaya ta tafi da 'yarsu Dudu. Yaya yayarsa ce ciki ɗaya, kuma ita da matar tasa ba sa ga-maciji. Ya bugi ƙirji ya ce ta kwantar da hankalinta.

Nafkin goma sha biyu Dudu ke da su. Kullum da safe sai ya kankare kashin a masai, ya jiƙa su a bokiti, ya zuba hannu biyu na garin sabulun da suke wanke kayan aiki da shi a gareji. Ya cuɗe su kamar sun yi masa laifi, ya tsoma a ruwa sau ɗaya, ya matse, ya shanya. Ba ya son yawan ɗauraya, wai ƙanshin sabulu shi ne shaidar tsabta. Su kuwa nafkin su fito fari fat, har matan gidan hayar suna leƙe.

Sai dai Dudu, 'yar wata biyar, ta hana kowa sakat da kuka. Matse-matsinta ya yi jajawur, fatar ta fara saɓulewa. Bakanike ya ce lallai sauran datti ne, ya mayar da sabulun hannu uku.

Ran kwana na shida Yaya ta faɗo gidan ba ko gaisuwar kirki. Ta kwance yarinyar, ta duba, ta ɗago ta watsa masa harara.

"Kai, gasa ta kake yi ko raino?"

"Yaya, zafi ne kawai. Dubi igiya, kin taɓa ganin wanki irin wannan?"

"Wanki! Ita uwar tata mai iyayi ba ta koya maka komai ba kafin ta je ta miƙe ƙafa a gado?"

"Ba hutu ta tafi ba, yanka ta aka yi. Ki cire ta a bakinki."

"In na ƙi fa? Tafiya zan yi da yarinyar nan yau."

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya tare ƙofa ya ce ba inda za ta da ita. Ya ce in ta samu ɗigon datti ɗaya a nafkin ɗin nan, ya yarda shi ƙazami ne, ta ɗauke ta.

Yaya ta raɓa shi ta wuce. Ta fita tsakar gida, ta zaro busasshen nafkin daga igiya, wanda ya fi kowanne haske. Ta tari ruwa a roba mai tsabta, ta tsoma shi, ta murza sau biyu. Ruwan ya yi fari, kumfa ta taso har bakin robar. Ta zubar, ta sake tara, kumfar ta sake tasowa. Sai a ruwa na biyar ta lafa.

"Miƙo hannunka."

Akwai inda sifana ta yanke shi a yatsa a gareji. Ta jiƙa wani nafkin daga igiyar, ta matsa masa a wurin. Zafin ya ratsa shi, ya fizge hannun yana yarfewa.

"Kai ƙato ke nan, da fata kamar taya," in ji ta. "Ita kwana shida tana fitsari a cikin wannan."

Ya tuna yadda Dudu ke sanƙarewa duk lokacin da ya ɗaura mata sabon wankinsa, shi kuwa yana yi mata wasa yana cewa ta cika raki. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Yaya ta naɗe yarinyar a zanenta, ta kwashi madara da kwalba. Nafkin kuwa ko ɗaya ba ta ɗauka ba. Yana tsaye ta wuce ta gabansa, bai iya ɗaga hannu ba.

Ya tattaro sha biyun duka ya yi ta ɗauraya har ruwan ya fito garau, ya sake shanyawa. Da yamma ya tafi asibiti. Matarsa ta hango shi daga gado, ta yi murmushi, sannan ta dubi kafaɗarsa.

"Ina Dudu?"