Sunan Shagon Muktar

Muktar mai tayil ya daɗe yana jin haushin sunayen shagunan layinsu a kasuwar Dei-Dei. Wannan Alheri, wancan Nasara, na gaba God's Time. Da ya samu nasa shagon, sai ya rantse sunansa zai zama irin wanda mai kuɗin Maitama zai gani ya taka birki.

A jikin wani kwalin tayil da ya zo daga Turai ya tsinci sunan. Jan rubutu ne manya-manya: КРИХКЕ. Ya tsaya yana kallo har da karkata kai. Ga K, ga P, ga wata N da ta juya baya kamar ta yi fushi da 'yan uwanta.

Ya yago kwalin ya kai wa Obadiah mai rubuta allon shago.

“Oga, wannan N ɗin a juye yake,” in ji Obadiah. “In gyara?”

“Kai ka fi Bature iya boko ne? Rubuta yadda ka gani.”

Obadiah ya rubuta da ruwan gwal. Duk wanda ya tambayi yadda ake faɗin sunan, sai Muktar ya ce “Kapinke,” ya ƙara da cewa wani babban kamfani ne a Italiya. Har ya sa aka ɗinka masa sunan a aljihun kaftani.

Ranar wata Asabar sai ga wata likita mai suna Monica, ta zo daga Kubwa neman tayil ɗin banɗaki. A Yukiren ta yi karatu, yaƙi ne ya koro ta gida. Tana ɗaga kai ta ga allon, sai ta dafa tarin kwalaye ta hau dariya har da hawaye.

“Madam, lafiya?” in ji Muktar.

“Oga, wa ya ba ka wannan suna?”

“Kapinke? Italiyanci ne.”

“Ba Italy ba ne, rubutun Yukiren ne. Wannan P da kake gani R ne, N ɗin nan I ne, X kuma kamar H. Krihke. Ma'anarsa abu mai saurin fashewa. Suna sawa a kwali don masu lodi su yi a hankali.”

Muktar ya dubi allon, ya dubi tayil ɗinsa, sannan ya dafe aljihun kaftani da tafin hannu.

“Tsaya tukuna. Su Turawan ba A B C ɗaya suke da shi ba?”

“Ina! Yukiren da Rasha da Bulgeriya suna da irin wannan. Girka nata daban. Jojiya ma akwai nata.” Ta buɗe waya ta nuna masa rubutun Jojiya.

Ya ƙura ido. “Wannan ai indomi aka zubar a ƙasa. Wato mutanen nan suka sa aka zane mu a firamare kan A B C, alhali su a can ba su ma gama shawara ba?”

Ya roƙe ta kada maganar ta fita layin. Har ya ɗora mata kwali guda kyauta, ya kai mata mota da kansa. Monica ta ce ba komai, amma ta riga ta ɗauki hoton allon, kuma kafin ta kai Kubwa ta tura wa waɗanda suka yi karatu tare.

Muktar ya kwana biyu yana shirin kiran Obadiah ya goge. Bai kai ga kiran ba abokan karatun Monica suka fara zuwa. Likitoci da injiniyoyi, wasu da matansu, kowa na so ya ɗauki hoto a ƙarƙashin allon yana dariya. Kuma mutumin da ya yi maka dariya a ƙofar shagonka kunya ba ta barinsa ya tafi hannu rabbana. Wannan ya sayi na kicin, wancan ya yi odar na falo gaba ɗaya.

Dominic mai siminti na maƙwabta ya leƙo ya ce, “Oga Muktar, an ce sunan shagonka Mai Fashewa.”

“Haka ne,” in ji Muktar, yana nuna wa masu lodi inda za su ɗora kaya. “Amma da yaren Turai. In kana so, akwai wani rubutun a ƙasan kwalin, ban yi amfani da shi ba.”