Wuyan Amarya

Shekara huɗu na yi a kwalejin kiɗa, na fito da takarda mai hatimi, amma aikin farko da Ustaz Abdulganiyu ya ba ni a situdiyonsa na Omdurman shi ne dafa shayi. Ya ce zai gwada ni wata uku. Na dafa. Kullum daga unguwar Alhilla Kuku nake tasowa, in haye gada biyu, sojoji su leƙa motar haya su duba tsawon mayafina, in iso in tarar da kofuna suna jirana. Ban taɓa yi masa kuka ba, ban kuma taɓa sa masa sukari daidai ba.

A shekarar 2009 ne. Aikinmu waƙoƙin biki. Mai orgun, wato piyanon lantarki, zai kaɗa, kwamfuta ta rubuta kowane sauti da ya taɓa kamar 'yar sanda a kan layuka. Ka ja sandar sama da linzamin kwamfuta, sauti ya hau, ka ja ƙasa, ya sauka. Sai an gama gyara mawaƙiya za ta bi kiɗan da murya.

Saura mako guda gwajina ya ƙare, Hajja Fatna ta unguwar Alsahafa ta yi odar waƙar rawar amarya, da Hausa, don 'yar ƙaninta da ta rena. Amshin shi ne "amarya mai wuya", domin a nan da wuya amarya take rawa, ana kuma yabon mai dogo. Ustaz ba ya jin Hausa ko ta gaisuwa. Ya saurari kiɗan, ya ce ƙarshen amshin yana faɗuwa kamar mai jin barci, ya ja sandar farko ƙasa, ta biyu sama.

Na ce, "Ustaz, ka canza maganar."

"Sauti na taɓa, ban taɓa magana ba."

"A yarenmu in murya ta sauka, wuyan jiki ne. In ta hau, wahala ce. Yanzu cewa kake amarya fitinanniya ce."

"Ya bitti, 'yata, shekara ashirin ina wannan aiki. Kika taɓa linzamin nan, kin gama a nan."

Ya fita sallar azahar, na taɓa. Na mayar da sandunan inda suke, na ajiye nasa daban, don ni ba ɓarauniya ba ce. Khadiga mawaƙiyarmu ta rera duka biyun. A nasa sai da ta tsaya sau uku tana dariya.

Da ya dawo ya gani, ya ce in ɗauki jakata. Ina saƙala ta a kafaɗa Hajja Fatna ta shigo tana haki, ta zauna a kujerarsa ba tare da tambaya ba.

Na ce, "Hajja, iri biyu ne. Ki ji kafin in tafi."

Na kunna nawa, ta gyaɗa kai. Na kunna nasa. Ta ce in sake. Na sake.

"Wa ya yi wannan?"

Na nuna shi da haɓa. Ustaz ya fara gyaran hula.

"Wannan za a ba ni," in ji Hajja.

"Hajja, kin ji abin da take cewa kuwa?"

"Ke, kunnena ya girmi uwarki. Ni na rene ta. Wuyanta kamar na tulu, halinta kuwa ko ubanta lallaɓa ta yake. Gara dangin ango su ji a waƙa tun yanzu, kada su ce mun ɓoye."

Ta maimaita masa da Larabci. Ustaz ya buɗe ƙirji, ya ce ai shi ma abin da ya hango ke nan, ya nuna min ƙofa da ido.

Hajja ta riƙe igiyar jakata, ta ce masa da Larabci: "Ina za ta? Bayan Babbar Salla ƙanwar amaryar za ta yi aure. Ita wuyan gaske gare ta, ga haƙuri. In ka ja mata sandar nan sama, gwaggonninta bakwai za su zo maka nan. Wa zai tsare maka?"

Ustaz ya dubi sandunan da ke allon, ya ƙidaya wani abu da leɓɓansa. Waƙar tana da baiti goma sha ɗaya, kuma a kowanne ya ja wani abu.

"Sauran baitocin," ya ce da ni a hankali, "me suke cewa?"

Na ajiye jaka, na ja kujera gaban kwamfuta.

"Na uku ya zagi kawun ango. Ka ɗora ruwan shayi, Ustaz, za mu daɗe."