Gwiwar Lamba Sha Huɗu

"Bakinki ne, Kaka! Bakinki ne ya ja mini wannan!"

"Bakin nawa da ya tauna miki abinci kina jaririya? Yau shi ne abin zagi?"

Jikata ba ta ko ɗago kai ba. Tana zaune a bakin gado, ta miƙe ƙafar hagu a kan kujera, tana naɗe gwiwa da bandeji. Naɗin ma na ƙwararru ne, layi bisa layi, yadda ake koya musu a makarantar aikin jinya. Farar rigarta ta ɗalibai tana rataye a ƙusa, ta sha guga, amma ba ita za ta saka yau ba. Rigar ƙwallon raga ce a jikinta.

Ubanta, ɗana na fari, yana tsaye a bakin ƙofa da makullin bas ɗin da yake tuƙawa a hannu. Tun da aka fara rigimar yake juya shi. Ɗakin namu ɗaya ne da rabi a hawa na biyu, in mutum uku suka tsaya a ciki sai numfashin wani ya taɓa wuyan wani.

"Inna, ki yi shiru haka," in ji shi.

"Shekara sittin da bakwai ban yi shiru ba, sai yau da ka ce?"

Na faɗa ne don a yi dariya. Ba wanda ya yi.

* * *

Bari in koma baya, kada a ce tsohuwa ta fara zance daga wutsiya.

Ni shara nake yi a makarantar da take karatu. Aji huɗu na yi a firamare aka cire ni, amma ina karanta lamba, kuma ina karanta mutane. Wannan na biyun ba a ba da takardar shaida a kansa, da yanzu ni ma farfesa ce. Ina daga lungu da tsintsiya nake sanin wanda ke tahowa ta sawun takalminsa. Na san malamin da ke jan ƙafa in matarsa ta yi yaji, na san ɗalibar da tafiyarta ta sauya tun kafin ita kanta ta ƙirga kwanaki.

Jikar tawa Barewa ake ce mata, don tsalle. Da ƙwallo ta shiga makarantar. Ana ɗaukar 'yan wasa kyauta matuƙar suna buga wa makaranta, ranar da suka daina kuma su tattara littattafansu. Mu ba mu da wata ƙofar sai wannan. Shekara uku tana tsalle da rana tana karatu da yamma, saura wata uku ta zama nas.

A bara aka buɗe wani ɗaki a ƙasan bene, aka ce ɗakin binciken motsin jiki ne. Kyamarori takwas a bango, kamar mujiyoyi. A tsakiya akwai akwatin katako, gabansa wani farantin ƙarfe da aka binne a daɓe. Sai a kawo 'yan wasa, a manna musu wasu 'yan ƙwallaye masu ƙyalli a ƙugu da gwiwa da idon sawu, su hau akwati su diro a kan faranti. Kullum sai na tsinci ƙwallayen nan a ƙarƙashin tebur. Ɗaya ma na ɓoye a haɓar zane, don kyanta.

Mai ɗakin wata likita ce doguwa, muna kiranta Mai Tabarau. Ba ta da wulaƙanci, har "Mama" take ce mini. Wata rana ina goge tebur ta bar kwamfuta a kunne. Babu fuska a ciki, babu suna, sai ɗigo-ɗigo da aka haɗa da layi, kamar mutumin da yara ke zanawa da tsinke. Kowanne da lamba a samansa. Na tsaya kallo, suna hawa suna dirowa.

"Wannan ai 'yar gidan mai gyaran rediyo ce," na ce. "Dubi yadda take turo ƙirji. Waccan kuma mai saurayi ɗan sanda ce."

Mai Tabarau ta juyo da sauri. "Mama, ba a gane kowa a nan. An cire sunaye."

"Kun cire suna, kun bar tafiya."

Sai lamba sha huɗu ta hau akwati. Kafin ta diro ta ɗan karkata kai dama, yadda Barewa take yi tun tana tsallake kwata da ƙafa ba takalmi. Ta diro. Gwiwar hagu ta lanƙwaso ciki kamar za ta gaida 'yar'uwarta, sai ɗigon wurin ya koma ja.

"Jan nan fa?"

"Launi ne kawai," in ji ta, ta kashe kwamfutar.

Wanda ya ce wa mai shara launi ne kawai ya ba ta aiki. Kwana tara ina goge ƙofar ofishinta, har fentin ya fara kwailewa. A na goma wani ƙaramin malami da ke taimaka mata ya shiga, kuma bai ja ƙofar ta rufu ba.

"Su bakwai ne masu jan," in ji shi. "Ta sha huɗun ta fi kowa. Jijiyar gwiwarta ba za ta kai ƙarshen kakar wasa ba. Ko mu kira ta?"

Mai Tabarau ta ce, "In muka gaya musu, za su gyara dirarsu. In suka gyara, ba za mu san ko na'urar ta faɗi gaskiya ba. Sharaɗin masu aikin ke nan, a zuba ido shekara biyu a ga wa zai ji rauni. 'Yan wasan sun sa hannu."

"Sun karanta abin da suka sa wa hannu?"

"Dubbai za su amfana nan gaba," ta ce, da muryar wanda yake lallashin kansa.

Na tsaya da tsumma a hannu. Ashe jira ake yi. An san inda ƙafar jikata za ta karye, an ja kujera an zauna, da biro.

To ni ga halina. Magana in ta shiga cikina ba ta kwana. Barewa tana asibiti wajen koyon aiki, sai yamma za ta dawo, ni kuwa zuciyata ta cika ta kawo wuya. Na je wurin mai wankin zannuwan gado, ƙawata ta shekara ashirin, na ce kada ta gaya wa kowa. Ita ma ta ce wa mai gadi kada ya gaya wa kowa. Mai gadi kuwa da kocin 'yan ƙwallo suke cin abincin rana.

* * *

"Kin ɗauka ban sani ba?" in ji Barewa, tana cusa bakin bandejin. "Jinya nake karantawa, Kaka. A aji aka zana mana jijiyar nan a allo, aka ce ga yadda take tsinkewa. Ina zaune ina jin tawa tana motsi. Wata biyar ke nan."

"Kika ɓoye mini?"

"Ke? In gaya miki, in gaya wa gidan rediyo?"

Ubanta ya so ya yi murmushi, ya haɗiye.

"Ina lallaɓawa ne," ta ci gaba. "Yau in ce ina da aikin asibiti, gobe in ce ciwon ciki. In an saka ni in buga daga baya, inda ba a tsalle. Kowace asuba ina motsa ta yadda littafi ya ce. Wata uku kawai nake nema. Wata uku! Sai ga koci jiya ya tsayar da ni a gaban kowa. Wai ya ji gurguwa yake ciyarwa. Wai yau gaban raga zan tsaya, daga farkon wasa har ƙarshe. In na ƙi, in rubuta da hannuna cewa ba ni da lafiya, a ba wata gurbina."

"To ki rubuta! Ƙafa ai ba a sayar da ita a kasuwa."

"In rubuta in koma ina? In karɓi tsintsiyarki?"

Wannan ta shige ni, amma na shanye. Na juya wurin ɗana. "Kai, ba za ka ce komai ba? 'Yarka ce fa."

Ya dubi makullin. "Na je wurin shugaban makaranta da safe, Inna. Ya ce ƙa'ida ce, ba shi ya rubuta ta ba. Na ce a ba ni sakamakon gwajin in kai wa wani likita. Ya ce babu sakamako mai sunanta, lambobi ne." Ya juya makullin. "Ya kuma tambaye ni wacce mai shara ce take laɓe a ƙofofi."

Na sunkuyar da kai. A ƙasa wani yana danna hon, fasinjoji sun gaji da jira.

"Ni ma na je wurin Mai Tabarau," na ce a hankali. "Na durƙusa mata, da wannan gwiwar tawa mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na ce ta rubuta wa koci 'yar takarda, layi biyu. Ta cire tabarau ta goge ido, ta ce, 'Mama, ban san wace ce lamba sha huɗu ba.' Na ce ni na sani. Ta ce, 'Sanin naki ba ya shiga takarda.'"

Barewa ta miƙe. Ta gwada tsayuwa a kan ƙafar, ta ɗan cije leɓe, ta ɗauka ban gani ba. Na riƙe mata hannu.

"Ƙawata, zauna. Bari in je in ce ƙarya na yi. Kowa ya san ni da ƙarin gishiri, za su yarda. In ce tsufa ne, in ce mafarki na yi."

"Shi ya sa zai gwada ni, Kaka. In ƙarya ce, in yi tsalle ya gani."

"In kuma gaskiya ce?"

"Sai su samu abin rubutawa."

Ta zare hannunta, ba da ƙarfi ba. Ta ɗauki jaka. A bakin ƙofa ta tsaya ta dubi farar rigar da ke rataye, ta kai hannu ta gyara mata wuya, ko da yake ba abin da ya same shi.

"Kada ki zo kallo," ta ce. "Kuma don Allah, yau ɗaya, kada ki gaya wa kowa komai."

Ubanta ya matsa mata. Ta fita, ta buga ƙofar har rigar ta yi lilo a ƙusa.

Na zauna a inda ta tashi, wurin da ɗumi. Hannuna ya sami 'yar ƙwallon nan mai ƙyalli a haɓar zane, na damƙe ta. Matakala ashirin da biyu ce daga ƙofarmu zuwa titi, kuma kunnen nan nawa da ya ja mana komai bai iya rufuwa ba. Ina jin ta tana sauka. Dama da ƙarfi, hagu a hankali. Dama da ƙarfi, hagu a hankali.